Na Je Liyon Neman Bar ɗin Ɗana

Ranar da na yarda na zauna in faɗi wannan labari, a tsakar gidana ne nan Damagaram, bayan la'asar. Akwai ƙanwata Zuwaira, akwai Hajiya Fati da muke katanga ɗaya, da Ta-Annabi mai ƙosai, da matar limamin unguwarmu. Sai Malama Rakiya wadda ta koyar a lakwal har ta ajiye aiki. Ita ke riƙe da alƙalami, tun da ni ban taɓa zama aji ba, kuma na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara mini baki.

Tun da na dawo kuke tambayata yaya Faransa, da gaske ne sanyi na fasa leɓe, me suke ci. Na san ba sanyin ne ya dame ku ba. Abin da kuke son ji shi ne ko gaskiya ne ɗana ya buɗe gidan giya a Liyon kafin ya rasu. To ku saurara, ba zan maimaita ba.

Ɗan farina ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, kun dai san shi. Karatu ya tafi, karatun bai kai ƙarshe ba, ya shiga aikin ɗaukar kaya a wani babban sito. Wani ɗalibi da ya zo hutu shi ya kawo maganar bar, ta zaga unguwa kafin ta iso ni. Na sa aka kira mini ɗan nawa a salula.

Na ce, "Kai, me nake ji?"

Ya ce, "Inna, ba yadda kike zato ba ne."

Na ce, "Ban tambaye ka zatona ba. In ka sayar wa ɗan Adam giya, ko kofi guda ne, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ya ce, "Na ji, Inna."

Bayan nan bai daina kirana ran Juma'a ba. Gaisuwa, lafiyar gida, ya ƙafarki. Bai sake ɗauko maganar ba, ni ma ban sake ba. Sai ga waya cewa zuciyarsa ta tsaya yana bakin aiki, can aka yi masa sutura. Maganata ta tsaya a sama, ban san ko ta sauka a kansa ko ba ta sauka ba. Na tambayi matarsa Nafisa, kuka kawai take yi mini. Da ta kammala mini takardun zuwa, na ce to, zan je in gani da idona.

Babbar bas da muke kira kar na shiga zuwa Yamai. Wata yarinya da ban sani ba ta ɗora kanta a kafaɗata tun daga Maraɗi har Ƙonni, ban ture ta ba. Jirgi kuwa ba shi da wani labari, ɗaure mutum ake yi a kujera kamar tunkiyar layya. Sun kawo nama a ƙaramin faranti, ban ci ba, don ban san wanda ya yanka ba. Burodin na ci da ruwa.

A filin jirgin Pari aka fara yi da ni. Wata mata mai kayan sarki ta zo da kare, karen ya nufo jakata kai tsaye, har hancinsa ya taɓa zanena. Fati, bar dariya, zanen da zan yi salla da shi ne. Suka buɗe jaka suka zaro kilishin da na sa aka yi wa Nafisa. Wani mai shara, mutumin Cadi, ya ji ina faɗa da Hausa ya matso.

Ya ce, "Hajiya, nama ba ya shiga ƙasar nan. Ki haƙura."

Na ce, "Busasshe ne."

Ya ce, "Ko ya zama itace."

Suka jefa shi a wani baƙin buhu ina kallo. Matar ta buɗe ƙullin daddawa, ta kai hanci, ta ja da baya da sauri ta miƙo mini abina. Daddawar kaɗai ta tsira da ƙarfinta.

Hajiya Mairo ta tarye ni, 'yar Maraɗi ce, ƙawar uwar Nafisa, tana sharar ofisoshi a can. Ta kai ni bakin wani tsani da yake tafiya da kansa, ta ce in taka kawai. Na taka, takalmina ɗaya ya haye sama ya bar ni a ƙasa. Wani Bature ya jira shi a can sama ya riƙe mini har na iso. Ban san godiyarsu ba, na yi masa tamu.

Gidan Mairo bai kai rumfar girkina ba. Gado, murhu, bayi, duk a wuri ɗaya, in ka miƙe ƙafa ka taɓa ƙofa. Ta yi mini tuwon garin alkama mai tsaki da miyar kuɓewa, ba laifi. A matakalar gidan na gaida wani tsoho, na tambaye shi gajiya, sai ya dafe aljihunsa ya wuce. Mairo ta ce shekara da shekaru suna hawa ɗaya, ba ta san sunansa ba. Na ce in ya mutu fa? Ta ce wari ne zai faɗa.

A Pari na fara ganin bar. Ni na ɗauka irin na nan ne, a bayan gari, cikin zana, mutum ya shiga yana waige. Ashe a bakin hanya suke, kowace kusurwa. Kujeru a waje suna fuskantar titi, mutane zaune cikin sanyi da manyan riguna. Ga tsoho da jarida, ga mace da jariri a keke, wani da kofin kafe, wani da abin da kuka sani. Ba mai ɓoyewa. Na tsaya ina leƙen masu raba kofuna, duk baƙin da na gani da tire a hannu sai gabana ya faɗi, alhali na san inda nawa yake.

Na ce wa Mairo, "Ke kin san maganar yaron nan."

Ta ce, "Hajiya, tuwonki zai huce."

Daga nan na san akwai magana.

Ta sa ni jirgin ƙasa mai gudu zuwa Liyon. Na ga kujera ba kowa kusa da taga na zauna, ashe kowace kujera da mai ita. Wani saurayi ya tsaya a kaina yana nuna mini salularsa. Ban gane ba, na miƙa masa dabino. Ya dubi dabinon, ya dube ni, ya karɓi ɗaya ya je ya zauna a wani wuri.

Nafisa na jirana a gar, tashar jirgin ƙasa. Ban taɓa ganinta ido da ido ba sai ranar. 'Yar Tawa ce, karatu ya kai ta, tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Buron, gefen Liyon. Ta durƙusa a tsakiyar mutane ta gaishe ni, ba ta ji kunyar Turawa ba. Wannan na riƙe mata shi. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka fito muka hau tiram, jirgin da ke bin titi, har unguwarsu da ake kira Minget. Dogayen benaye ne jere, kowane da ɗaruruwan tagogi. Abin da na fara nema da ido shi ne dakali, ko tabarma a ƙofar gida, ko inuwar da maza ke zama. Babu. Mutum ya fito daga akwatin da ke hawa da shi sama, ya shige ɗakinsa, ya murɗa makulli.

Rigar aikin ɗana na rataye a bayan ƙofar ɗakinsu. Ban taɓa ta ba. Na bari muka ci abinci, sannan na ce, "Nafisa, ya sayar ko bai sayar ba?"

Ta ce, "Wallahi Inna bai sayar ba."

Na ce, "Ke matarsa ce. Ko ya sayar haka za ki ce."

Ta kai ni wurin amininsa Abakar, mutumin Cadi, mai kantin atamfa da turare a Giyotiyar. Can ne kasuwar baƙi, har gero na gani da busasshiyar kuɓewa. Abakar ya share mini kujera, ya yi mini ta'aziyya da Hausarsa ta Cadi mai karkata.

Ya ce, "Inna, ɗanki ko ƙamshin giya ba ya so. Ni da shi shayi muke sha har haƙoranmu suka yi ja, ki duba nawa."

Na ce, "Na gani. Kai ma abokinsa ne. Ina son wanda ba ruwansa da shi, wanda ba zai ji tausayina ba."

Ya dubi Nafisa, ya sosa ƙeya. Ya ce, "To sai Madam Odil. Ita ko Shugaban ƙasa ba ta jin tausayi."

Madam Odil tsohuwa ce, ta girme ni, da sanda da gajeren farin gashi kamar na namiji. A masana'anta ta yi aiki har aka rufe ta. Su tsofaffin unguwar suna da ƙungiya ta tattara tarihin wurin, kowa da abin da ya ɗauka, wani masana'antu, wani makarantu. Ita abin da ta ɗauka shi ne bar ɗin da aka yi niyyar ginawa ba a gina ba. Da Nafisa ta fassara mini wannan sai da na sa ta maimaita. Na ce a gaya mata a garinmu abin da ya tsaya ake ba da tarihinsa. Ta ce wanda ya tsaya kowa na ganinsa, ba ya bukatarta.

Washegari da hantsi ta ɗauke mu yawo, tana gaba da sandarta, Nafisa a tsakiya tana juya magana. Ba ta kai ni wurin da na zo gani kai tsaye ba, kuma ban iya hanzarta ta ba. Ta tsaya gaban wani wurin ajiye motoci. Ta ce a nan wani da ya dawo daga yaƙi ya sayi fili don ya gina wa ma'aikatan masana'anta wurin zama in sun tashi aiki, har ya zaɓi suna ya sa an rubuta masa allo, sai masana'antar ta rage mutane, allon ya ruɓe a gidan 'yarsa. Ta nuna wata kwana inda wasu 'yan'uwa biyu suka haƙa tushe suka yi faɗa, ba wanda ya sake aza bulo, har hukuma ta faɗaɗa hanya ta bi ta kai. Akwai na wata bazawara da ta mutu ana saura kaɗan a ba ta izini. Duk ta san sunayensu, da na matansu, da inda 'ya'yansu suka watse. Ni kuwa ban ga komai ba sai kwalta da ciyawa.

Sannan muka iso wani ɗan fili da aka kewaye da waya, ciyawa ta kai gwiwa, da tsohuwar katifa a jefe. Ta buga wayar da sanda.

Nafisa ta ce, "Inna, ta ce nan ne."

Na ce, "Ina ginin?"

"Ba a gina ba. Ko bulo ɗaya ba a aza ba."

Na kama wayar da hannu biyu. Na yi hamdala a fili. Na ce a raina ashe yaron nan ya ji maganata, ya bar abin saboda ni. Na ce wa Nafisa, "Gaya mata ni na hana shi."

Nafisa ba ta fassara ba. Madam Odil ta tambaye ta me na ce, dole ta faɗa. Tsohuwar ta dube ni ta girgiza kai, ta ɗaga sanda ta nuna wani gini a ƙetaren hanya, yara na ta ihu a harabarsa.

Nafisa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta ce lakwal ɗin can ce ta hana. Dokarsu ba ta yarda a buɗe wurin sayar da giya kusa da makaranta ba."

Na ce, "Ci gaba. Kar ki rage ko kalma."

A can in za ka yi gini sai ka kafa allo a filin, kowa ya gani, mai ƙorafi ya yi. Madam Odil ta ce tana wurin taron unguwa ranar da ɗana ya zo. Ya sa babbar riga mai aiki, shi kaɗai a cikinsu, ya tashi ya yi magana da Faransanci mai kyau, ya roƙe su. Da abin bai yiwu ba bai haƙura ba. Ta ja mu gaba zuwa wani tsohon kanti da aka rufe da ƙarfe, ta ce nan ya koma nema, mutanen da ke saman benen suka ce ba sa son hayaniya. Kuma ko a watan da ya rasu, ya tare ta a tashar tiram yana tambayarta ko ta san wani wurin.

Na tambayi lokacin taron. Bayan maganata ne. Duk Juma'o'in nan da yake ce mini ya ƙafarki, yana kan nemansa.

Ban yi kuka ba, kun san ni. Akwai wani benci na ƙarfe a gefen hanya, na zauna. Su ma suka zauna.

Na ce, "Me ya rasa? Aiki gare shi, mata gare shi. Me zai yi da bar?"

Nafisa ta ce, "Fada yake so, Inna."

"Wace fada?"

"Irin ta gida. Inda samari ke shimfiɗa tabarma su ɗora shayi. Kullum maganarsa ke nan, fadarsu ta ƙofar gidanku. Ya ce a nan mutum sai ya yi sati bai ji an kira sunansa daidai ba. Sun gwada zama a ƙasan bene, aka kira musu 'yan sanda. Sun gwada a ɗakinmu, maƙwabta suka buga bango. Wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya rasu a ɗakinsa a Buron, ba wanda ya sani sai da aka fasa ƙofa. Ɗanki ne ya yi masa wanka. Daga ranar ya tashi da maganar nan."

Na ce, "To ya yi fadar mana. Giyar ta mece ce?"

Ta ce akwai wani Bature da zai zuba jari, shi ya ce shayi kaɗai ba ya riƙe haya a garin nan. Suka shirya Baturen ya riƙe nasa ɓangaren, shi kuma ya riƙe shayi da tsire da kujerun baya.

Na ce, "Rufi ɗaya ne. Aljihu ɗaya ne."

Ta ce, "Na faɗa masa haka, Inna. Ya ce ya sani."

Madam Odil ta gaji da jiran fassara, ta sa baki. Ta ce lokacin da take masana'anta, in mutum bai zo bar ɗinsu da yamma ba, kafin a kulle an aika gidansa a duba. Yanzu duk an rufe su, kuma ita in ta faɗi a ɗakinta ba ta san wa zai aika ba. Ta ce ita ta ɗaga hannu ta goyi bayansa a taron, ba don tana sha ba, likita ya hana ta tun tuni. Na ce a gaya mata ni da ina wurin da ban ɗaga ba. Ta ce ta ga alama. Muka zauna a bencin nan, ni da ita, ba mai jin yaren wani. Da za ta tafi ta riƙe hannuna, hannunta sanyi ƙalau.

Muna komawa na ga wasu baƙaƙen maza tsaye a bakin tashar tiram, hannu cikin aljihu, suna hira da Hausa. Tiram ya zo ya wuce, ba su shiga ba. Wani ya zo ya wuce, suna nan. Sai na gane ba tafiya za su yi ba, nan ne kaɗai wurin da za su tsaya ba a kore su ba. Ɗayansu ya gane Nafisa, ya zo ya rusuna ya gaishe ni. Ya ce, "Ke ce mahaifiyar marigayi? Nan yake tsayawa, jikin ƙarfen nan." Na dubi ƙarfen.

To ga amsarku. Bai sayar ba, ko kofi guda. Amma ba don ni ba ne, hana shi aka yi. Wadda ke son ta kai wannan gaba ta kai shi duka biyun, kar ta ɗauki rabi. Ni ma yini na yi ina juya shi. Nafisa ta ce ko a kira wani malami a tambaya, na ce bakina ne ya ɗaure, ba malami ne zai kwance ba.

Da gari ya waye na yi salla, na yi wanka, na ce Nafisa ta kai ni inda yake. Ta dube ni, don ta san a garinmu mace ba ta zuwa maƙabarta. Ni ma ko ta ubana ban taɓa takawa ba. Muka hau bas har ƙarshen layi. Niyyata in tsaya a bakin ƙofa in faɗi abin da zan faɗa daga nan. Ashe ɓangaren Musulmi yana can ciki, bayan kaburburan Nasara masu duwatsu da furanni, ko hango shi ba a yi daga ƙofa. Na daɗe tsaye. Sannan na gyara lulluɓina na shiga.

Nafisa ta nuna mini shi ta ja baya. Tudun ƙasa ne da ɗan allo, ban iya karanta abin da ke jiki ba. Na durƙusa.

Na ce, "Kai, ni ce. Na je na ga filin, na ga kantin. Na san da sun ba ka da ka gina, kar ka ɗauka ban gane ba. Har yanzu ban yarda da abin ba. Amma maganar da na yi maka na janye ta. Nonon da ka sha na yafe, duniya da lahira. Saura tsakaninka da Mahaliccinka, Shi kuwa ya fi ni sauƙin hali."

Nafisa ta matso a hankali ta ce bas zai wuce mu. Na ce ya wuce. Na shimfiɗa gefen zanena a ƙasa, na zauna daidai wajen kansa, na fara ba shi labarin unguwa, wanda ya yi aure, wanda ya haihu, wanda ya rasu, har rana ta ɗaga.